Yadda Ake Gyaran Tsakar Gida a Gombe Ba Tare da Jefa Iyali Cikin Haɗari Ba

Tun da damina ta fara ja da baya ake ta aiko da tambayoyi kusan iri ɗaya: ta ina ake fara gyaran tsakar gida, shin daɓen siminti ya fi ko intalok, wato ƙananan bulon da ake jerawa a ƙasa, kuma nawa aikin zai ci? Da yawa daga cikin masu tambayar sun riga sun zaɓi launin tayil, wasu ma tifa ta juye musu yashi a ƙofar gida, alhali ba su tsayar da hanyar da ruwan sama zai bi ya fita ba, ba su kuma san abin da ke binne a ƙarƙashin ƙasar da suke shirin rufewa ba. Garin Gombe a kwari yake, ruwa na gangaro masa daga tudu, ƙasarsa kuma mai saurin zaizayewa ce, kamar yadda kwazazzaban da suka ratsa unguwanni ke nunawa. Saboda haka ruwa da ramuka su ne ainihin aikin, daɓe da fenti kuwa su ne na ƙarshe. Ga matakan a jere, kuma kada gaggawa ta sa a tsallake wani.

Mataki na 1: Binciken gida

Lokacin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfi. Mai gida ya fito ana cikin ruwa ko da zarar an ɗauke, ya ga inda ruwa ke kwanciya, inda indararo ko bakin kwano ke zubarwa, da gindin bangon da ke jiƙewa, sannan ya sa wa wuraren alama da fenti. Wanda damina ta wuce bai duba ba sai ya bi alamu: gansakuka a kusurwa, farin gishiri-gishiri a gindin bango, filastar da ke kumbura tana zubewa, da wurin da tsohon daɓe ya lotsa.

Daga nan sai a bi bango da katanga ɗaya bayan ɗaya. Siririyar tsagewa da ta tsaya a filasta ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda ake tsoro ita ce wadda bakin biro ke shiga cikinta, ko wadda ta bi layin bulo tana hawa a karkace, ko wadda ta fi faɗi daga sama, domin waɗannan na nuna harsashi ne ke motsi. A liƙa ɗan siminti a kan irin wannan tsagewa a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan liƙin ya fashe cikin makonni, bangon bai daina tafiya ba, kuma injiniya ne zai duba shi, ba mai filasta ba. Don gane ko katanga ta karkata, a ɗaura dutse a igiya a sako shi daga samanta, a ga tazarar da ke tsakanin igiyar da bangon daga sama da kuma daga ƙasa.

A tsofaffin gidaje irin na Jekadafari, Herwagana ko Bolari, dole ne a zauna da tsofaffin gidan da na maƙwabta a tambaye su inda aka taɓa haƙa rijiya ko shadda aka cike. Babu awon da zai faɗi wannan kamar bakin wanda ya gani da idonsa.

Gargaɗi: katangar da ta karkata ko ta kumbura daga gindi, a tokare ta da katako tun ranar da aka gane ta, a hana yara wasa a gindinta, a kuma hana shimfiɗa tabarma a inuwarta, musamman a daren bazara da ake kwana a waje.

Mataki na 2: Yardar jama'a da izinin hukuma

Idan gidan gado ne, a sami amincewar sauran magada kafin a taɓa ko da bulo ɗaya. Idan katangar haɗaka ce da maƙwabci, a yi magana da shi a gaban shaidu, in da hali a gaban mai unguwa, a daddale wanda zai biya me, da tsawon kwanakin da gidajen biyu za su kasance a buɗe. Haka nan a tsara wa matan gida wurin girki, wanki da kewayawa, a kafa zana ko kwano a raba su da ma'aikata, domin aiki irin wannan yakan ɗauki makonni.

Sabunta daɓe da magudanar cikin gida aikin mai gida ne. Amma ƙara ɗaki, zuba dakin (rufin kankare), tayar da sabuwar katanga a bakin titi ko fasa kwatar gwamnati don haɗa bututu, duk suna buƙatar a je hukumar tsara birane ta jiha a nemi izini. Duk abin da zai ɗauki nauyi a kan mutane kuwa, a nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya zana ya kuma duba. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin rushewa a sake.

Mataki na 3: Lissafi, lokaci da jinga

A fara aiki bayan ruwa ya ɗauke, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a kuma kammala duk abin da ya shafi haƙa kafin ruwan farko na Afrilu ko Mayu.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, bayan a 2023 ana sayensa a wajen rabin haka. Don haka abin da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne adadin kaya, sannan ya ninka da farashin ranar da zai saya. A ɗauki tsakar gida mai faɗin mita 6 da tsawon mita 8, wato murabba'in mita 48. Daɓen kankare mai kaurin santimita 10 a wannan fili zai ci buhun siminti mai kilo 50 tsakanin 30 da 32, da yashi kwanon sarki kimanin 125, da tsakuwa ninkin haka. Idan buhu yana naira 10,000, siminti kaɗai zai ci naira 300,000 zuwa 320,000, ba a sa tsakuwa, yashi, ciko, ruwa da kuɗin aiki ba. Bulo kuwa guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, saboda haka katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2 za ta ci 200, ban da na harsashi da waɗanda za su fashe a hanya. A kan jimillar komai a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, domin da wuya a buɗe ƙasar tsohon gida ba a tarar da abin da ba a yi tsammani ba. Kuɗin ruwa ma a sa shi a lissafi, domin ba kowace unguwa ce ruwan Dadin Kowa ke isa kullum ba, kuma kankare na shan ruwa kwana da kwanaki bayan an zuba shi.

Jinga ta fi biyan yini sauƙin lissafi, amma takan sa ma'aikaci gaggawa. Mafita ita ce a raba jingar gida-gida: haƙa da ciko, katanga, bututu, daɓe. A rubuta kowanne da kuɗinsa, a biya bayan an duba, kuma mai gida ya sayi siminti da rodi da kansa. Kayan aikin da za a tanada su ne diga, shebur, baro, kwanon sarki, igiya, tef ɗin awo, lebur, farin tiyo mai nuna ruwa, durom, madaɓi ko injin dandaƙa na haya, da takalman roba da safar hannu.

Mataki na 4: Rushewa da kwashe ɓaraguzai

Kafin diga ta taɓa ƙasa a kashe wutar gida daga babban makunni, a rufe famfo, a gano inda tsofaffin wayoyi da bututu suka bi. Ana rushe katanga ne daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. Fasassun bulo da kankare a ajiye su gefe don ciko, amma shara, leda, itace da baƙar ƙasa a fitar da su daga gida gaba ɗaya, kuma kada a zuba su a kwata ko a kwazazzabo, domin toshe hanyar ruwa ne ke mayar da shi gidajen mutane.

Gargaɗi: wasu leburori sukan sare katanga daga gindi su ture ta don su gama da wuri. Kada a yarda da wannan, domin ba wanda ya san ɓangaren da za ta faɗi. Idan akwai tsohon silin ko rufin asbesto, a jiƙa shi a cire shi a ɗungum, kada a yanka shi da inji ko a farfasa shi, saboda ƙurarsa na lalata huhu.

Mataki na 5: Tsohuwar shadda, rijiya da sokawe

A nan ne aka fi samun asarar rai, kuma a nan ne aka fi yin sakaci, domin aikin ba ya fitowa a ido bayan an gama. Tsohuwar shaddar da aka rufe da azara ko da siririn kankare mai tsatsattsen rodi tana iya ɗaukar shekaru ba ta nuna komai ba, sannan ta rufta rana ɗaya da wanda ya taka ta. Zuba sabon daɓe a kanta ba ya ƙara mata ƙarfi, nauyi yake ƙara mata.

Yadda ake yi shi ne a fasa murfin daga gefe, ma'aikaci na tsaye a kan dogayen katakai da suka haye ramin suka zauna a ƙasa mai ƙarfi. Idan akwai sauran ƙazanta mai ruwa, a kira masu motar zuƙa su kwashe. Sannan a cike da ɓaraguzai da jar ƙasa kaɗan-kaɗan, kowane zubi kada ya wuce kaurin santimita 30, ana yayyafa ruwa ana dandaƙawa da dogon madaɓi daga sama. Ramin da aka cike sai ya ƙara zama komai kyan cikon, saboda haka in da hali a bar wurin ba daɓe har damina ɗaya ta wuce, ko a shimfiɗa masa intalok wanda za a iya ɗagawa a ƙara ƙasa. Idan dole ne a rufe yanzu, a zuba murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin ramin ta kowane gefe da aƙalla rabin mita. Ko ta yaya aka rufe, kada a kafa katanga, ɗaki ko ƙafar tanki a kan wurin.

Rijiyar da ake amfani da ita a ɗaga bakinta ya kai ƙugun babban mutum, a sa mata murfi mai kwaɗo, a zagaye ta da daɓen da ke gangarar da ruwa nesa da ita. Tsakaninta da shadda ko sokawe, wato ramin da ruwan ƙazanta ke tsiyayewa a ciki, ana son mita 30, kada kuma ya gaza 15, sannan ramin ƙazanta ya kasance ta ɓangaren gangare. Filin da aka saba yankawa mai ƙafa 50 da ƙafa 100 wajen mita 15 da mita 30 ne kawai, don haka cika wannan sharaɗi na da wuya, kuma shaddar maƙwabci ma tana cikin lissafi. Inda tazara ta gagara, a gina ramin ƙazanta da bulo a shafe cikinsa da filasta sosai don kada ya tsiyaya, ruwan rijiyar kuma a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa kafin a sha, tun ba lokacin damina da amai da gudawa ke yawo ba.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga tsohuwar rijiya, shadda ko sokawe don dubawa. Iskar da ke ciki na iya sumar da mutum cikin daƙiƙu, kuma sau da yawa wanda ya bi shi don ceto shi ma ba ya fitowa. Idan hakan ta faru, 'yan kwana-kwana za a kira. Kada a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin rami, hayaƙinsa na kisa. Sabon ramin da ya wuce ƙirjin mutum a ƙasa mai yashi sai an tokare gefunansa, ƙasar da aka haƙo kuma a jibge ta nesa da baki. Kowace yamma a rufe ramuka da katako mai nauyi, a kuma rufe duroman ruwa, saboda ƙananan yara.

Mataki na 6: Awon lebur da hanyar ruwa

Awo daga waje yake farawa, ba daga ƙofar ɗaki ba. A fita a duba kwatar titi ko inda ruwan gidan zai zuba, domin wannan wurin ne zai hukunta tsayin komai a ciki. A cika farin tiyo da ruwa, a karkaɗe shi har kumfar iska ta fita duka, sannan mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan alamar da aka yi a jikin bangon da ke kusa da mafitar ruwa, wani ya zagaya da ɗaya bakin. Na farkon zai riƙa cewa a ɗaga ko a sauke har ruwan ya tsaya cak a kan alamarsa, na biyun kuma ya ja layi da fensir daidai inda nasa ruwan ya tsaya. Haka za a bi kusurwa huɗu da bakin kowace ƙofa. Idan aka haɗa alamomin da igiya an sami layi ɗaya madaidaici a duk gidan, kuma daga shi za a riƙa auna komai zuwa ƙasa.

Sharuɗɗa biyu ne ba a sassautawa. Na farko, daɓen tsakar gida ya kasance ƙasa da daɓen ɗakuna da aƙalla santimita 15. Na biyu, ya gangara zuwa mafita da santimita ɗaya da rabi zuwa 2 a kowace mita, wato santimita 12 zuwa 16 a fili mai tsawon mita 8, kuma gangaren ya riƙa nisantar da ruwa daga bango.

Matsalar da ta yi yawa a unguwannin da aka shimfiɗa wa sababbin tituna ita ce titi da kwata sun ɗaga sun bar gida a ƙasa. Abin da mutane ke yi shi ne su cike tsakar gida har ta fi ɗakuna tsayi, sai ruwa ya koma ɗaka, gindin bango kuma ya nutse cikin danshi. A gidan ƙasa wannan shi ne mafi munin kuskure, domin tubali daga gindi yake narkewa, kuma yawancin ɗakunan da ke faɗuwa a tsakiyar damina ta nan suke farawa. Idan awo ya nuna kwata ta fi gida tsayi, sai a zaɓi ɗaya: a ɗaga daɓen ɗakuna da dokin ƙofa tare da na tsakar gida in tsayin rufi ya ba da dama, ko a nemi wata mafita ta baya da yardar maƙwabci, ko a haƙa ramin shanye ruwan sama a cika shi da duwatsu, nesa da kowane bango da aƙalla mita 5. Ramin shanyewa na aiki a ƙasa mai yashi, amma ba ya aiki a laka.

Bututun fitar da ruwa kada ya gaza inci 4, babban fili kuma a sa masa biyu. A sa raga a bakinsa, a gina ƙaramin akwatin tara yashi mai murfi wanda za a riƙa buɗewa ana kwashewa.

Gargaɗi: kada a juya ruwan sama cikin sokawe. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika shi ya maido da ƙazanta tsakar gida.

Mataki na 7: Katanga da gindin bango

Harsashin katanga ya sauka har ƙasa mai tauri, galibi santimita 60 zuwa 90. Inda ƙasa baƙar laka ce mai tsagewa da rani tana kumbura da damina, irin wadda ake samu a wasu sassan jihar, wannan zurfin ba ya wadatarwa, shawarar injiniya za a bi. A zuba kankare a ƙasan ramin, a fara da bulo mai inci 9, a kafa fila, wato ginshiƙin kankare, mai rodi huɗu na milimita 12 a kowace mita 3 da kowace kusurwa, a kuma ɗaure saman katangar da zubin kankare idan za ta kai mita 2. Kada a ɗora fiye da layi biyar ko shida a yini ɗaya. Idan ƙasar waje ta fi ta ciki tsayi, katangar na riƙe da ƙasa da ruwa ke nan, don haka a bar mata ƙananan kafofi a gindi don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Bulo a je a gan shi a inda ake bugawa. A kankare gefensa da ƙusa. Idan yana zuba kamar gari, a bar shi. A ɗaga ɗaya zuwa ƙugu a sake shi a kan ƙasa mai tauri. Nagari ba ya wargajewa. Araha ba ta ado, kuma bulon da aka buga jiya aka kawo yau bai sha ruwan da zai ƙarfafa shi ba.

Bangon ƙasa kuwa a gyara yaɓensa da ƙasa irin tasa, a gina masa ɗan dakali a gindi mai gangarowa waje, a tabbatar indararo na jefa ruwa nesa. Filastar siminti a kan tubali kai tsaye takan ɓoye danshi da gara, har sai ranar da ta ɓamɓaro da guntun bango.

Gargaɗi: kada a ƙara wa tsohuwar katanga mai inci 6 tsayi don a kare gida daga idon bene, sai an tabbatar da harsashinta da filolinta. Guguwar farkon damina irin waɗannan take fara kayarwa. Kada kuma a haƙa rami dab da harsashin ɗaki ya zarce shi zurfi.

Mataki na 8: Bututu da wayar lantarki

Duk abin da zai bi ƙarƙashin daɓe yanzu ne lokacinsa. Bututun ruwa a buɗe masa famfo a bar shi yini guda a ga ko yana yoyo kafin a rufe. Wayar lantarki ta bi cikin bututunta a zurfin da bai gaza rabin mita ba, ba tare da haɗi ko ɗaya a cikin ƙasa ba, a jera bulo a samanta don mai haƙa na gaba ya ankara. Soket ɗin waje ya kasance mai murfi, sama da inda ruwa ke fantsama, injin jan ruwa kuma a haɗa masa wayar ƙasa da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara ja. Kafin a mayar da ƙasa a ɗauki hoton komai da waya, ana nuna tef ɗin awo daga bango.

Mataki na 9: Ciko da dandaƙa

A kwashe ƙasar sama mai taki da saiwoyi, a zuba jar ƙasa zubi-zubi na santimita 15, ana yayyafa ruwa ana dandaƙawa har takalmi ya daina barin sawu. Yawancin daɓen da ke fashewa cikin shekara ba ƙarancin siminti ne ya fasa shi ba, cikon ne bai zauna ba. Inda gara ta yi yawa a fesa maganinta yanzu, mai fesawa ya rufe hanci da hannu, kuma a nisanci rijiya.

Mataki na 10: Daɓe

Intalok ya fi dacewa da gidan da aka cike ramuka ko aka binne bututu da yawa, domin ana ɗaga shi a gyara a mayar. Mai kaurin santimita 6 ya isa wurin tafiya, inda mota za ta hau kuma a sa mai 8. Ana shimfiɗa shi a kan yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5, a ɗaure gefuna da kankare, a share busasshen yashi cikin tsakankaninsa. Kankare ya fi sauƙin shara da wanki. Tayil mai sheƙi kuwa bai dace da tsakar gida ba sam: yana santsi da ruwan alwala da na wanke-wanke, tsofaffi da masu juna biyu ne kuma ke fara faɗuwa a kai.

Ga mai zuba kankare, a fara da gwada yashi. A cika rabin kwalba da shi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza a ajiye na wasu awoyi. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau samansa. Idan lakar ta kai kashi ɗaya cikin goma, a canza yashi. Siminti kuwa, ko na Ashaka da ake yi a nan kusa da Bajoga ko na wani kamfani, a matsa buhun a ji. Wanda ya yi gudaji masu tauri ya sha danshi. A jera shi a kan katako, nesa da bango.

Ma'aunin shi ne buhu ɗaya, wanda yake daidai da kwanon sarki biyu, a kan yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas, da ruwa wajen jarka ɗaya mai lita 25. A nan ne mai gida zai tsaya da ƙafarsa, domin birkila zai ce, "Alhaji, a ƙara ruwa, ya fi saurin bajewa." Amsar ita ce, "Malam, a bar shi haka, ko da zai ɗauke mu lokaci." Ruwan da ya yi yawa ƙarfin kankare yake ragewa, shi ne kuma ke sa daɓe ya riƙa tashin gari. A shimfiɗa leda a ƙasa, a zuba kaurin santimita 10, ko 15 inda mota za ta tsaya, a raba filin gida-gida kada kowanne ya wuce mita 3, domin tsagewa ta bi layin da aka tanadar mata. Abin da aka kwaɓa a zuba shi kafin awa guda. A ƙarshe a ja tsintsiya a samansa don ya yi kaushi.

Iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu suna busar da kankare kafin ya yi ƙarfi. A zuba da sassafe ko da yamma, washegari a rufe da buhuna ko yashi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, kafin nan kada mota ta hau.

Kada a rufe filin duka. A bar wa bishiya da'irar ƙasa mai faɗi a gindinta, domin tsakar gidan da aka mamaye da siminti ba inuwa ba ta zaunuwa da bazara. Sai dai durumi da ceɗiya saiwarsu na ɗaga daɓe da harsashi, ba a barinsu kusa da bango. A ware wurin turmi a kan ƙasa, domin daka na fasa daɓe. Murhu a ɗora shi a kan bulo ko jar ƙasa, turken dabbobi kuma a ba shi tasa magudanar.

Gargaɗi: ɗanyen siminti na cin fata. Lebura ya sa takalmin roba da safar hannu, idan kuma ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti.

Mataki na 11: Rumfa, tanki da janareta

Rumfar kwano iska ce abokiyar gabarta, ba nauyi ba. A binne ƙafafunta cikin kankare, a ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin ginshiƙi, a shafa wa katako maganin gara. Kada a jingina ta da katangar da ba ta da fila.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 2,000 tan biyu ne a sama da kawunan mutane. Ƙafarsa ta sami harsashinta na kanta, kada a ɗora shi a kan katanga ko rufin tsohon banɗaki, kuma a kafa shi nesa da wurin zama da wasan yara. Janareta a yi masa wuri a sarari, nesa da tagogi, bakin hayaƙinsa na kallon waje; ba a kunna shi a zaure ko a lungun da ke rufe. Tukunyar gas ta zauna a inuwa mai iska, nesa da murhun itace.

Gargaɗi: kafin a ɗaga dogon rodi, kwano ko ƙarfen tanki, a ɗaga kai a duba wayoyin da ke sama. Idan wayar da ta shigo gida na kan hanya, a sanar da kamfanin rarraba wuta na JED su zo su kawar da ita. Kada a gina komai a ƙarƙashin babbar waya.

Mataki na 12: Gwaji kafin biyan ƙarshe

Kafin a sallami ma'aikata, a juye durom biyu na ruwa a kusurwar da ta fi nisa da mafita, a bi shi da ido. Ya kamata ya tafi kai tsaye ba tare da ya taɓa dokin ƙofa ko ya kwanta a gindin bango ba. Duk inda ya taru ya wuce rabin awa a zagaye shi da alli a sa a gyara. A ƙwanƙwasa daɓen da sanda a wurare da dama, inda ya yi ƙarar kogo akwai rami a ƙasa. A buɗe akwatin tara yashi a tabbatar ba a bar siminti ya daskare a bututu ba, a gwada murfin rijiya da na sokawe, a kwashe ƙusoshi da guntayen rodi kafin yara su dawo wasa. A cikin takardar jinga tun farko a rubuta cewa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin daɓe da magudana zai zauna a hannun mai gida har a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu, kuma duk gyaran da ya taso kafin nan a kan birkila yake.